Manhajar da na gina a laftof ta ƙi tashi a kan ARM: ina gyaran yake?

Tambaya: Ina da wata manhaja da aka rubuta da C, tana ginuwa lafiya ƙalau a laftof ɗina mai furosesar Intel da Ubuntu. Da na kwafi fayil ɗin da ya fito zuwa Raspberry Pi, sai ya ƙi tashi, ya ce "Exec format error". Na girka kompailar ARM a laftof ɗin, na sa `CC`, wato sunan da ke faɗin kompailar da za a yi amfani da ita, ya nuna ta, sai `configure`, shirin da ke binciken na'ura kafin a fara gini, ya tsaya da "cannot run C compiled programs". Wani ya ce in bar wahala in yi da Docker. Ina gyaran yake, kuma wace hanya ce ta fi?

Amsa: Ɗan'uwa, saƙonnin nan biyu tushensu ɗaya. A aikin da ka sa a gaba na'ura biyu ne: wadda ake yin ginin a kanta, da wadda manhajar za ta zauna ta yi aiki. Yawancin manhajoji a inda za a yi amfani da su ake gina su, shi ya sa tsarin gini ya saba tambayar na'urar da ke gabansa: wace irin furosesa gare ki, ina laburarenki suke, `long` bait nawa ne a wajenki. Muddin na'urar ɗaya ce, amsar daidai take fitowa. Ranar da suka rabu, duk tambayar da aka yi wa laftof alhali Pi ake nufi, tamkar tela ne ya auna jikinsa ya ɗinka wa wani riga. Aikinka shi ne ka gano duk inda ake wannan awon na kuskure, kuma wuraren sun fi yadda kake zato yawa.

Saƙo na farko ba shi da wuya. Laftof ɗinka x86-64 ne, tsarin da AMD ta fito da shi a 2003, Intel ta bi. Pi kuwa ARM ne, umarnin da furosesarsa ke ganewa daban ne gaba ɗaya. A kan kowane fayil na ELF, wato tsarin fayilolin shiri na Linux, akwai lamba da ke faɗin furosesar da aka gina shi dominta: 62 ga x86-64, 183 ga AArch64 (ARM mai bit 64), 40 ga ARM mai bit 32. Kanel, wato zuciyar tsarin aiki, ya duba, ya ga ba tasa ba ce, ya ƙi. Umarnin `file` zai karanta maka wannan lambar, kuma ka saba gudanar da shi a kan duk abin da ka gina kafin ka kwafa.

Kafin ka taɓa `configure`, ka tabbatar da wace na'ura kake nufa, domin "ARM" kaɗai bai isa amsa ba. Kada ka dogara da `uname -m` a kan Pi. Labarin kanel kawai yake ba ka, kuma akwai Pi da yawa masu kanel na bit 64 amma duk manhajojin da ke samansa na bit 32 ne. Zai ce maka aarch64, ka gina na bit 64, ka kwafa, ya ce "No such file or directory" ga fayil ɗin kana kallonsa da idonka. Abin da ya rasa ba fayil ɗinka ba ne, mai loda laburare ne, wato `/lib/ld-linux-aarch64.so.1`, wanda babu shi a can. Abin tambaya shi ne `dpkg --print-architecture`, ko `file -L /bin/ls`. In ya ce arm64, kompailar da sunanta ya fara da `aarch64-linux-gnu` kake buƙata. In ya ce armhf, `arm-linux-gnueabihf` ce. Wannan dogon sunan bayani ne cikakke: furosesa, tsarin aiki, da laburaren C tare da ƙa'idar kiran fankishin. Harufan `hf` na ƙarshe na nufin ana miƙa lambobi masu ɗigo ta rajistocin da aka keɓe musu, kuma ba a haɗa abin da aka gina da su da wanda aka gina babu su. Haka `gnu` da `musl`, laburaren C iri biyu, ba sa shiga wa juna, shi ya sa abin da aka gina a Ubuntu ke ƙin tashi a Alpine ko da furosesa ɗaya ce.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu tsohon Pi. Kompailar armhf ta Debian da Ubuntu ARMv7 take nufa, amma Pi na farko da Pi Zero na asali ARMv6 ne. Ko ka sa `-march=armv6`, ƙananan fayilolin farawa da `libgcc` da suka zo da kompailar an riga an gina su don v7, sai ka ga "Illegal instruction" tun kafin a kai `main`. In irin waɗannan allunan ne a hannunka, kompaila ta musamman za ka nema ko ka gina ta da kanka da crosstool-NG.

To, mu koma kan saƙo na biyu. Da ka sauya `CC` kaɗai, `configure` bai san komai ya canza ba. Ya gina ɗan shirin gwaji, ya yi ƙoƙarin gudanar da shi a laftof, shirin kuma na ARM ne, ya faɗi. Hanyar gaya masa ita ce:

```
./configure --build=x86_64-linux-gnu --host=aarch64-linux-gnu
```

`--build` ita ce na'urar da ake gini a kanta. `--host` ita ce wadda manhajar za ta yi aiki a kanta, wato Pi. Mutane da yawa `--target` suke rubutawa a nan, amma wannan na masu gina kompaila ne ko makamancinta, irin su GCC da binutils da GDB, inda ake faɗin furosesar da kayan aikin zai riƙa samar wa kod. Ga manhaja ta yau da kullum ba ya yin komai, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba, sai dai ka tarar ka sake gina na x86.

Da `--host`, `configure` da kansa zai nemo `aarch64-linux-gnu-gcc`, da `ar` da `ranlib` da `strip` masu irin wannan sunan, waɗanda sauya `CC` kaɗai ya bari a baya. Ina ba da shawarar ka riƙa rubuta `--build` ma ko da ana ganin ba dole ba ne. Dalili kuwa, in ka bar shi, `configure` zai gwada gudanar da shirin gwajin don ya yanke hukunci, kuma in akwai QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wata furosesa, da aka yi wa rajista a kanel ɗinka (Docker kan jawo wannan ba ka sani ba), shirin zai tashi, sai ya ɗauka gini ne na gida. Daga nan rabin amsoshinsa na Pi ne, rabi na laftof.

In manhajar tsohuwa ce, tana iya cewa ba ta san aarch64 ba. Fayiloli biyu ne suka tsufa, `config.sub` da `config.guess`. Ka maye gurbinsu da sababbi daga `/usr/share/misc` in ka girka autotools-dev, ko ka gudanar da `autoreconf -fi`.

Bayan ka wuce nan, wataƙila ka haɗu da ɗan'uwan saƙon: "cannot run test program while cross compiling". Gwaje-gwajen `configure` iri uku ne: wanda kompaila kawai yake buƙata, wanda sai an haɗa da laburare, da wanda sai an gudanar da shiri. Biyun farko suna aiki ko ina. Har girman `long` da jerin bait ana iya gano su ba tare da an gudanar da komai ba, domin Autoconf, mai samar da `configure`, na da dabarar sa kompailar ta ƙi ko ta karɓa gwargwadon amsar. Na ukun ne ba shi da mafita, sai ka ba da amsar da bakinka ta hanyar canje-canjen da sunansu ya fara da `ac_cv_`. Sanannen misali shi ne gwajin ko `malloc(0)` na dawo da adireshi. Tsofaffin Autoconf in sun kasa gwadawa sai su ɗauka a'a, su sauya sunan zuwa `rpl_malloc`, sai can ƙarshen gini linka, mai haɗa kod da laburare, ta ce ba ta san shi ba. Maganinsa ka ƙara `ac_cv_func_malloc_0_nonnull=yes` a layin `configure`, kuma a glibc, laburaren C na GNU, amsar gaskiya ce. Sai dai kada ka mai da wannan ɗabi'ar rubuta yes ga komai don saƙo ya ɓace. Ka buɗe `config.log`, ka ga shirin gwajin, in da hali ka gudanar da shi a Pi ɗin, ka kawo amsar da ya bayar.

Inda aka fi shan wuya shi ne laburare. Kompaila mai gina wa wata furosesa laburaren C kawai take zuwa da shi. In manhajarka na buƙatar OpenSSL ko zlib ko GLib, na ARM take buƙata, da fayilolin `.h` nasu, kuma na laftof ɗinka ba za su yi ba. In tsarin gini ya ɗauko na laftof, abu biyu ke faruwa, ɗaya da hayaniya ɗaya a ɓoye. Mai hayaniyar shi ne linka ta ce "skipping incompatible" ko "file in wrong format". Wannan alheri ne, ta faɗa maka. Na ɓoyen shi ne `-I/usr/include` ko wata foldar x86 ta shigo layin kompaila. Fayil ɗin `.h` rubutu ne, ba shi da lambar furosesa a kansa, kompaila za ta karɓa hannu bibbiyu. Amma wasunsu, irin `glibconfig.h` da `pyconfig.h`, suna ɗauke da girman nau'o'in bayanai na na'urar da aka yi su dominta. Ka gina na bit 32 da fayil ɗin da ya ce `long` bait 8 ne, gini zai kammala ba ko tari, manhajar ta riƙa faɗuwa a wurin da ba ka taɓa zato ba. Saboda haɗarin nan ne Buildroot da Yocto, kayan gina Linux na ƙananan na'urori, suke sa kompailarsu ta yi ƙorafi da zarar ta ga irin wannan hanyar.

Mai shigo da waɗannan hanyoyin sau da yawa `pkg-config` ne, shirin da ke faɗa wa tsarin gini inda laburare suke, domin shi bai san kana gina wa wata na'ura ba. `PKG_CONFIG_PATH` ƙari kawai yake yi a kan wuraren da ya saba dubawa, don haka in bai sami na ARM ba zai koma na laftof shiru. Wanda ke maye gurbinsu gaba ɗaya shi ne `PKG_CONFIG_LIBDIR`. Sai `PKG_CONFIG_SYSROOT_DIR` wanda ke liƙa foldar da ka ajiye kayan ARM a gaban kowace hanya.

Samun laburaren kansu hanya biyu ce. A Debian da Ubuntu kana iya `dpkg --add-architecture arm64`, sannan ka girka `libssl-dev:arm64`, ya zauna a `/usr/lib/aarch64-linux-gnu` gefe da na x86 ba tare da sun taka juna ba. A Ubuntu 24.04 sai ka gyara jerin ma'ajiyoyi, domin kunshinsa na ARM a ports.ubuntu.com suke. Hanya ta biyu ita ce ka kwafo `/lib` da `/usr/lib` da `/usr/include` daga Pi ɗin kansa zuwa wata folda, ka nuna wa kompaila ita da `--sysroot`. Ni na fi son ta biyun in na'ura ɗaya takamaimai ake nufa, saboda dalilin da zan zo kansa yanzu. Abin lura ɗaya: cikin abin da ka kwafo akwai mahaɗan fayil da ke nuna cikakkiyar hanya daga tushe, kamar `/lib/...`, waɗanda a laftof za su nuna na laftof ko su nuna babu. Sai an mai da su masu nuni daga inda suke.

Dalilin shi ne glibc. Abin da aka gina da tsohon glibc yana aiki da sabo, amma akasin haka ba tabbas. Ubuntu 24.04 na da 2.39, Debian 12 na da 2.36, Debian 11 na da 2.31, kuma Raspberry Pi OS a kan Debian yake. In ka gina da laburaren da ya zo da kompailar Ubuntu, furosesa daidai, komai daidai, sai Pi ya ce "version GLIBC_2.38 not found". Tun daga 2.34 ma, ko shirin da ba ya komai sai gaisuwa ba ya tashi a tsarin da ya girme shi, domin fankishin da ke fara shiri ya sami sabon lambar siga. Ƙa'idar ita ce a gina da mafi tsufan tsarin da ake son tallafawa. Kuma `ldd` ba zai taimake ka a laftof ba, tunda gudanar da mai loda laburare yake yi. Ka yi amfani da `readelf -d` ka ga laburaren da fayil ɗin ke nema, da `readelf -l` ka ga mai lodin.

Sai wata matsala da ba kowa ke hango ta ba. Wasu manhajoji a tsakiyar gini sukan gina ɗan shiri, su gudanar da shi ya samar da tebur ko kod, sannan a ci gaba. Wannan ɗan shirin na laftof ne, da kompailar laftof ya kamata a gina shi. In an gina shi da ta ARM, "Exec format error" zai dawo, wannan karon a tsakiyar `make`. Al'adar GNU ita ce `CC_FOR_BUILD`, kanel na Linux kuma `HOSTCC` yake kira, tare da `ARCH=arm64` da `CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu-` don sauran. Ko an raba kompailar, da sauran magana: in ɗan shirin yana rubuta `sizeof` na wani abu cikin fayil ɗin da yake samarwa, awon laftof ya rubuta.

In manhajar CMake take amfani da shi, duk wannan a fayil ɗaya ake tara shi, a miƙa da `-DCMAKE_TOOLCHAIN_FILE`:

```
set(CMAKE_SYSTEM_NAME Linux)
set(CMAKE_SYSTEM_PROCESSOR aarch64)
set(CMAKE_C_COMPILER aarch64-linux-gnu-gcc)
set(CMAKE_SYSROOT /opt/sysroot-pi)
set(CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_PROGRAM NEVER)
set(CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_LIBRARY ONLY)
set(CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_INCLUDE ONLY)
set(CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_PACKAGE ONLY)
```

Layuka huɗun ƙarshe su ne zancen da muke ta yi: shirin da za a gudanar a nemo shi a laftof, laburare da `.h` kuwa a cikin kayan ARM kaɗai. Ka fara da sabuwar foldar gini, domin CMake na riƙe kompailar da ya fara gani. Ka kuma kiyaye, a CMake `CMAKE_HOST_SYSTEM_PROCESSOR` laftof yake nufi, akasin `--host` na Autoconf. Meson ya bi tsarin GNU, da `--cross-file`, da `native: true` ga shirye-shiryen tsakiyar gini, kuma a ganina shi ya fi su duka tsabta a wannan fannin.

Game da shawarar Docker, wanda ya ba ka bai yi ƙarya ba, amma ka san abin da kake saye. `docker buildx build --platform linux/arm64` a laftof na x86 yana ɗauko tsarin ARM cikakke, ya gudanar da shi ta QEMU, wanda ke fassara umarnin ARM zuwa na x86 yana tafiya. A ciki `gcc` na ARM ne, laburare na ARM ne, `configure` na iya gudanar da gwaje-gwajensa. Kusan duk matsalolin da na lissafa sun kau. Farashinsa jinkiri ne mai yawa, domin kompailar kanta ake kwaikwaya. Ƙaramar manhajar C ba za ka damu ba. Babbar C++ kuwa sai ka gaji da jira. Akwai tsaka-tsaki: `FROM --platform=$BUILDPLATFORM` a matakin gini, a yi amfani da kompailar da ke gudana kai tsaye a laftof, a karanta `TARGETARCH` don zaɓar wadda za a gina wa. Amma ka ga ka dawo kan duk abin da ke sama, a cikin akwati kawai. Ka kuma zaɓi hoton da ya yi daidai da sigar Debian da ke kan Pi ɗinka, in ba haka ba maganar glibc na nan tana jiranka.

Abin da ya fi damuna da QEMU ba jinkirin ba ne, tabbacin ƙarya ne da yake bayarwa. Kammala gini ba ya nufin manhajar daidai take, domin shi kansa kod ɗin yana cike da zato irin na x86, kuma wasu daga ciki mai kwaikwayo ba ya tona su.

Mafi sauƙin kamawa shi ne `char`. A x86 yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili, a Linux na ARM ba ya ɗauka. Duk wanda ya rubuta `char c = getchar()` ko `char c = getopt(...)` yana jiran ya ga -1, a ARM 255 zai gani, madaukin ba zai taɓa ƙarewa ba. (Apple a nata ARM ɗin ta bar shi kamar na x86, don haka gwaji a Mac ba ya wanke ka.) Kana iya farautar wannan ba tare da ka bar laftof ba, ka gina da `-funsigned-char` ka gudanar da gwaje-gwajenka. `long` kuma bait 8 ne a Linux mai bit 64, bait 4 a mai bit 32, bait 4 a Windows ko da mai bit 64 ne. Duk inda girman ke da muhimmanci, `int32_t` da `uint64_t` da `size_t` da `uintptr_t` ne abin rubutawa. In na bit 32 kake ginawa, ka duba `time_t` ma, wanda in bait 4 ne zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Daga glibc 2.34 ana iya faɗaɗa shi da `_TIME_BITS=64`, da sharaɗin duk laburaren da kuke musayar lokaci da su sun yi haka.

Sai masu ɗaukar adireshin tsakiyar tarin bait su ce wa kompaila lamba ce mai bait 4 ko 8. x86 na haƙuri da wannan. ARM mai bit 32 na haƙuri a wasu umarnin, a wasu ya ce "Bus error", kuma kompaila ce ke zaɓar umarnin gwargwadon matakin `-O` da ka sa. A yi `memcpy`, kompaila ta san yadda za ta mai da shi umarni ɗaya inda ya halatta. `-fsanitize=undefined` na nuna irin waɗannan wuraren. Haka rubuta `struct` kai tsaye cikin fayil ko aika shi ta hanyar sadarwa: lamba mai bait 8 da ta biyo bayan mai bait 4 tana farawa a bait na 4 a tsohon x86 mai bit 32, a na 8 a ARM. Jerin bait kuwa ba zai dame ka tsakanin x86 da Pi ba, duka ƙaramin bait suke sa wa gaba, har RISC-V ma. Sai ranar da wani ya kai manhajar kan s390x na IBM.

Biyu ne nake so ka fi riƙewa, don su ne QEMU ke rufewa. Na farko tsarin isar rubutu zuwa memori tsakanin zaruruwan aiki. x86 na da tsauri: in zare ɗaya ya rubuta bayani sannan ya ɗaga alamar ya gama, ɗayan zaren ba zai ga alamar kafin bayanin ba. ARM bai yi wannan alkawarin ba. Kod ɗin da ya dogara da `volatile` ko da sa'a zai yi shekaru lafiya a Intel, ya zo ARM ya riƙa lalacewa jefi-jefi. In ka gwada a QEMU a kan laftof, furosesar x86 ce a ƙasa, da tsaurinta, ba za ka ga komai ba. Magani shi ne `stdatomic.h` na C11 ko makulli na gaskiya, da `-fsanitize=thread` don bincike. Na biyu girman shafin memori. An daɗe ana rubuta 4096 a kod kamar doka ce. Kwamfutocin Apple masu M1, tun 2020, 16K suke amfani da shi, kanel ɗin da Pi 5 ke tashi da shi ma 16K ne, wasu tsarukan Linux na manyan sabobin ARM kuma 64K. jemalloc, laburaren rabon memori, misali ne mai kyau: a lokacin `configure` yake auna shafin na'urar da ke gabansa ya daskarar da shi, sai a kai shi inda shafi ya fi girma ya ce "Unsupported system page size". Ana gyarawa da `--with-lg-page=16`. A kod ɗinka kuwa, `sysconf(_SC_PAGESIZE)` ake tambaya lokacin da shiri ke gudana.

Ka bincika `Makefile` ko akwai `-march=native`, ko `-msse4.2` da `-mavx2` da aka rubuta ba sharaɗi. Na biyun kompailar ARM za ta ƙi su nan take. Na farkon ma'anarsa a auna furosesar da ake gini a kanta, kuma ko a cikin dangi ɗaya yana cizo. Pi 5 Cortex-A76 ne, Pi 4 Cortex-A72, na farkon na da umarnin da na biyun ba shi da su, saboda haka abin da aka gina wa Pi 5 ta wannan hanyar na iya mutuwa da "Illegal instruction" a Pi 4. In kod ɗin na da SSE ko AVX, umarnin sauri na x86, da aka rubuta da hannu, a killace shi da `__x86_64__`, a bar hanyar C zalla ga kowa, sannan in ana son gudu a ƙara NEON, takwaransu na ARM, ƙarƙashin `__aarch64__`, ko a jingina da SIMDe wanda ke fassara na x86 zuwa na ARM. In kuma gwajin lissafi ya faɗi a ARM saboda bambanci a lambar ƙarshe bayan ɗigo, kada ka firgita. GCC kan haɗe ninkawa da tarawa su zama umarni ɗaya a AArch64, sakamakon ya ɗan bambanta, `-ffp-contract=off` na hana shi. Gwajin da ke neman daidaito ƙwaya da ƙwaya a irin waɗannan lambobin shi ne mai laifi.

In kai ne mai kula da manhajar, kada ka cika fayil ɗin gini da "in x86 ne yi kaza, in ARM ne yi kaza". Sunayen ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: Linux ya ce aarch64, macOS da Debian da Docker su ce arm64, x86_64 a nan amd64 a can. Jerin sunaye kullum yana mantawa da wani, kuma ranar da RISC-V ya zo sai ya faɗa reshen da ba nasa ba. Ka tambayi kompailar ko abin da kake so yana yiwuwa. Misali, wasu furosesoshi masu bit 32 na buƙatar `-latomic` don lamba mai bait 8. Maimakon lissafa su, ka sa tsarin gini ya gwada haɗa ɗan shiri babu shi, in ya ƙi a ƙara. Wannan gwajin na aiki ga furosesar da ba ka taɓa jin sunanta ba.

Da Go aka rubuta manhajar, da `GOOS=linux GOARCH=arm64 go build` ya wadatar, muddin babu C a ciki. Da zarar cgo, hanyar da Go ke kiran kod ɗin C, ya shigo, ko wani kunshin Rust ya jawo laburaren C, duk maganar kompaila da sysroot ta dawo.

A halin da kake ciki, ga abin da zan yi. In manhajar ƙarama ce kuma Pi 4 ko 5 gare ka, ka gina a kan Pi ɗin kai tsaye tukuna, ko da sau ɗaya ne. Na'ura ta koma ɗaya, ka raba matsalar kod da matsalar gini, kuma `config.log` da ya fito can ya zama ma'aunin da za ka gwada na laftof da shi layi bayan layi. In za ka riƙa gini kullum, ko allon ƙarami ne da memorinsa ba zai ɗauki kompaila ba, ka kafa `--build` da `--host` da sysroot da ka kwafo daga Pi ɗin, ka rubuta su cikin ɗan fayil don kada su dogara da tunaninka. Docker da QEMU ka bar su don fitar da kunshi ga furosesa da yawa a lokaci guda, da gwajin farko. Gwajin ƙarshe, musamman in manhajar na da zaruruwa ko tana taɓa `mmap`, a kan allon ARM na gaske za a yi shi.